Inji na nan, sandar walda ce babu: yadda ake neman wa makarantun sana'a kuɗi

Wata safiya a cikin Fabrairu na raka ɗan ƙanwata makarantar koyon sana'ar da yake zuwa a nan Damagaram. Ba zan faɗi wacce ba, don abin da na gani ba laifin mutanen wurin ba ne. Ɗakin aikin ƙarfe yana da faɗi, rufinsa sabo, ga injunan walda a jere jikin bango, wasu ko ledar da suka zo da ita ba a gama ɓarewa ba. Yara na zaune a kan benci, malam na gaban allo da alli yana zana musu yadda ake riƙe sanda, yadda ake karkata ta, da tazarar da ake bari tsakaninta da ƙarfe. Na ce, "Mushe, ba ga inji nan ba?" Ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Inji kam na nan, Malam. Sanda ce babu. Kwalin ƙarshe tun kafin hutun Disamba muka ƙone shi."

Da la'asar ɗin ranar na wuce ta Sabon Gari na tarar da yaron nan a shagon wani mai walda, yana durƙushe yana haɗa ƙyauren ƙofa, ba gilashin kare ido, sai hannu da yake tarewa da shi. Can akwai inji da malami mai takarda, ba abin ƙonawa. Nan akwai aiki har ya yi yawa, ba mai bayyana masa dalilin da ya sa haɗin yake tsagewa. Duk wanda zai je gaban ƴan majalisa ko wani mai iko ya nema wa ilimin sana'a kuɗi, to tsakanin waɗannan wurare biyu maganarsa take, kuma yawancinmu idan muka je ba ita muke yi ba. "A taimaki matasa" muke cewa, a yi hoto, a watse.

Makarantar boko ta yau da kullum, in an samu aji da benci da malami da alli, karatu zai tafi ko da ɗingishi. Ta sana'a ba haka take ba, tana cin kaya kamar yadda murhu ke cin itace. Mai koyon kafinta sai ya ɓata katako kafin hannunsa ya faɗa. Mai koyon ɗinki sai ta lalata yadi. Mai koyon wutar gida yana buƙatar waya da fis da soket ya haɗa ya kwance, mai koyon gyaran firiji yana buƙatar gas. Ga kuɗin kuran, ga man janareto ranar da aka ɗauke, ga gyaran injin in ya tsaya. A takardun gwamnati wannan layin shi ake kira matière d'œuvre, kuma ina ba duk mai wannan fafutuka shawara ya haddace sunan, don shi ne layin da ake fara matsewa idan aljihu ya yi zafi. Ba a iya taɓa albashi ba tare da an ji ihu ba. Gini kuwa yana da masu kare shi, ɗan kwangila na nan, mai yanka kirtani ranar buki ma na nan. Sandar walda ba ta da kowa a Yamai.

Ba wai ƙasar ba ta yi komai ba. Dokar 1998 da ta tsara alƙiblar ilimi a Nijar ta ba koyon sana'a gurbinsa, a 2015 kuma aka yi masa doka tasa ta kansa. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ɗauki alkawarin ɗaga yawan ɗaliban wannan fanni daga wajen kashi 8 cikin ɗari zuwa 25 a 2015, sannan 40 a 2021, aka shiga buɗe cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM da niyyar kowace ƙaramar hukuma ta samu tata, da kolejojin fasaha na CET a gundumomi. A jiha irin tamu, mai gundumomi 10 da ƙananan hukumomi 55, wadda ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan uku da rabi a cikinta, mafi yawa a duk ƙasar, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Yaron Dungas ko Damagaram Takaya da a da sai ya zo birni ko ya haƙura, ya samu wuri kusa da gida. Sai dai ma'aunin da aka zaɓa kawuna yake ƙirgawa. Rubuta sunan yaro a rajista ba ya cin ko dala, koya masa ne ke cin kuɗi. Da aka ce a cika kashi kaza, kowa ya san hanyar da ta fi sauƙi.

Kuɗin gwamnati kuwa zango uku yake yi kafin ya zama sandar walda, kuma a kowane zango ana iya tsayar da shi. Na farko a rubuta shi cikin kasafi. Na biyu ma'aikatar kuɗi ta sake shi, wanda ba a lokaci ɗaya take yi ba, kashi-kashi take saki cikin shekara gwargwadon abin da ya shigo baitulmali. Na uku a sayo kayan, su iso makaranta. Abin da aka rubuta izini ne na kashewa, ba kuɗi ne a hannu ba. Shi ya sa za ka ji an ce an ware wa fannin kaza miliyar kaza, ka je makaranta ka tarar da alli. Akwai kuma saɓanin kalanda da ba a cika lura da shi ba: shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba, ta makaranta daga Oktoba zuwa Yuni. Kayan da aka saki kuɗinsu a watan biyar, kafin a yi tallar kwangila a kawo su yara sun tafi hutu, wasu ma sun gama sun fita da takardar shaida. A littafin lissafi an kashe kuɗin daidai, ba wanda ya ci ko tamma, amma ajin bana bai ga komai ba.

Na taɓa shiga cikin wata tawaga, lokacin da ake da zaɓaɓɓiyar majalisa, muka je gidan wani ɗan majalisa na yankinmu. Watan Nuwamba ne, ana tsakiyar zaman kasafi, ya zo gida hutun ƙarshen mako. Mun kai mu takwas, an shimfiɗa mana tabarmi a zaure, aka kawo ruwa. Dattijonmu ya yi bayani mai tsawo kan zaman kashe wando da ƴan fale, wato gungun samarin unguwa masu ta da zaune tsaye, da tafiya Libiya. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, duk na yarda. Nawa kuke so, a wane layi, kuma daga ina zan ciro?" Muka kalli juna. Wani daga baya ya ce, "Onorabul, ai ku kuka san wannan." Ya ce, "Da a watan shida kuka zo, da akwai magana."

A ranar na ɗauka zille mana ya yi. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa. Kundin tsarin mulkin 2010 bai yarda ɗan majalisa ya kawo gyaran da zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi ba sai ya nuna inda za a samo su ko inda za a rage. Kuma tun da aka koma kasafi na shiri-shiri a 2018, kowace ma'aikata ana yanka mata iyakar abin da za ta nema tun wajen tsakiyar shekara, ta raba shi a kan shirye-shiryenta, a yi ta ja-in-ja da ma'aikatar kuɗi cikin damina. A wancan zamanin, kafin takardar ta iso zauren majalisa a Oktoba, tuwo ya riga ya tuƙu, abin da ya rage shi ne a gyara malmala. Mu kuma sai a lokacin muke ɗaura rawani.

Yau ƙofar ma ta canja. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya kawo majalisar tuntuɓa, CCR, mai wakilai 194, wadda ta fara zama a tsakiyar shekarar. Aikinta ba da shawara ne. Kasafi majalisar ministoci ke amincewa da shi, shugaban ƙasa ya sa hannu. Wanda ya je wa wakilin CCR da buƙatar "ku ƙara mana a kasafi" yana roƙonsa abin da ba ya hannunsa. Amma kuskure ne a ce don haka ba shi da amfani. Yana da bakin da ake ji a Yamai, yana iya tayar da magana a zama, yana iya sa ta shiga cikin shawarwarin da ake miƙa wa gwamnati a rubuce, kuma jami'in ma'aikata da ba zai ɗaga wayar shugaban wata CFM ta ƙauye ba zai ɗaga tasa. Abin da ya kamata shi ne a ɗora masa kayan da zai iya ɗauka, sauran a kai inda suka dace: daraktan jiha na wannan fanni, wanda shi ke tattara buƙatun da ake turawa sama, da gwamna, da kantoma. Kada a manta tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi da jihohi wani ɓangare na ragamar ilimi, har da koyon sana'a. An miƙa nauyin, kuɗin ne ke bin sa a hankali.

To me za a roƙa? Ni a ganina abu na farko ba ƙari ba ne ma. Akwai harajin da ake karɓa da sunan wannan aiki, harajin koyon sana'a, wanda kamfanoni ke biya a kan albashin ma'aikatansu, kashi 3 cikin ɗari a kan na ƴan ƙasa, 5 a kan na baƙi. Akwai kuma asusun FAFPA, wanda aka kafa don ɗaukar nauyin horon sana'a da koyon aiki a hannun masu sana'a, yana da reshe a jihohi. Harajin hukumar haraji ke karɓarsa, kuma jayayyar da aka daɗe ana yi ita ce nawa ne daga ciki ke isa asusun, kuma a wane wata. Jami'an kuɗi suna da hujjarsu, ba kuma ta banza ba ce: suna son kuɗin ƙasa duka su shiga tukunya ɗaya, don in aka fara keɓe wa kowa tasa, ranar da za a biya soja ko malamin asibiti sai a tarar tukunyar tsakiya ba komai. Amma mai kamfani da ya biya haraji mai suna "koyon sana'a" yana da haƙƙin tambayar yaro nawa aka koyar da shi. Wannan tambaya ce da wakili zai iya yi a fili ba tare da ya zagi kowa ba: nawa aka karɓa bara, nawa aka mayar wa asusun, nawa ya zo Damagaram. Lamba uku kawai. Ba ta buƙatar sabon haraji, ba ta taɓa kason wani.

Kuma lokacin ya dace da ita. Shekaru da dama kaso mai tsoka na kayan aiki da horon malamai a wannan fanni daga waje yake zuwa, daga Bankin Duniya ta shirin PRODEC, daga Lukzambur da Suwizalan, da asusun haɗin gwiwa na ilimi da aka kafa a 2017. Bayan Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama suka dakata, ga takunkumin CEDEAO, har a Oktoban shekarar gwamnati ta zaftare kasafinta da kusan kashi 40 cikin ɗari, daga miliyar 3,291 zuwa 1,981 na sefa. Duk wanda ya ga wannan ya san makarantar da ke rayuwa da "froje", wato shirin masu ba da tallafi daga waje, ranta na hannun wani. Tunda maganar da ke bakin hukuma yanzu ita ce dogaro da kai, mai neman kuɗin sana'a ya kamata ya riƙe ta da kyau. Matatar SORAZ tana nan arewa da mu tun Nuwamban 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Bututun Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara fitar da mai a 2024. Ana ta cewa a fifita ƴan ƙasa a ayyukan mai. To mai waldar bututu da ake yarda da haɗinsa ba doka ke haifar da shi ba, sai ya ƙone kwalaye da kwalaye na sanda a gaban wanda ya iya. In ba a biya wannan ba, dokar za ta ba ɗan ƙasa gadi da tuƙi, aikin hannu mai tsada ya ci gaba da zuwa daga waje.

Dole kuma a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Wanda ke raba kuɗin ƙasar nan yana da yaƙi a Tillaberi da Diffa. Yana da dubban azuzuwan zana, kuma ba mu manta da gobarar Maraɗi ta Nuwamban 2021 ba, wadda ta ci ƙananan yara sama da ashirin a cikin irin waɗannan azuzuwa. Kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba. In ya ce maka kuɗin da za a kashe wa ɗalibin walda ɗaya zai zaunar da yara da yawa a firamare, bai yi ƙarya ba. Amsar da ta fi ƙarfi ba ita ce "mu ma muna da muhimmanci" ba, kowa haka yake cewa. Amsar ita ce a nuna masa an yarda a rage wani abu daga cikin gida. A dakatar da buɗe sabbin cibiyoyi na shekara biyu ko uku, abin da za a zuba a bulo a mayar da shi kayan ƙonawa da gyaran injunan da ke kwance, a kuma saki kason farko kafin komawa makaranta a Oktoba. Na san wannan ba zai yi wa kowa daɗi ba, musamman garin da ke jiran tasa cibiyar. Amma cibiya goma masu aiki sun fi ashirin masu allo.

Sai babban abin da ake tsallakewa. Mafi yawan yaran garin nan da suka iya wata sana'a ba a makaranta suka koye ta ba. A gareji suka koya, a majema, a wajen dukawa, a shagon tela cikin Kasuwar Dole, a gindin mai gyaran kabu-kabu. Tsohon tsari ne. A ƙarni na 19 maƙeran garin nan ne suka ƙera wa Sarki Tanimun igwa, ba wanda ya ba su takarda. Kuɗi kaɗan da za a sa a nan, a ƙara wa maigidan shago horo kan sabbin injuna, a ba yaransa kwana biyu a mako a cibiya su koyi lissafin aiki da karatun zane da kare kai, a yi musu jarrabawa su samu shaida, zai kai ga yaran da CET ba za ta taɓa gani ba, don da yawansu ko firamare ba su gama ba. Ba na cewa masu shaguna waliyyai ne. Akwai mai riƙe yaro shekara bakwai yana wanke masa sifana, yana ɓoye masa sirrin aikin don kada ya buɗe shago a gefensa. Shi ya sa tallafin ya kamata ya zo da yarjejeniya a rubuce, mai wa'adi. Wannan dai aikin FAFPA ne tun asali, abin da ya sake dawo da mu kan harajin can.

A nan zan ɗan ratse. Duk cibiyar da ka shiga, ƴan mata suna ɗakin ɗinki da saƙa, kamar an rubuta a allon ƙaddara. Unguwa ɗaya tela nawa za ta ci da su? Alhali a fadamun Mirya da Gidimuni da Matamai injunan ban ruwa ne ke mutuwa ana neman mai gyara, ga famfunan sola na yaɗuwa, ga tumatir da ke ruɓewa a kaka don ba mai sarrafa shi. Matan yankin Kance da suka riƙa bin hanyar Aljeriya da yara, har mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada a Oktoban 2013, galibinsu mata da ƙananan yara, ba rashin keken ɗinki ya kore su ba. In za a roƙi kuɗi, a faɗi sana'ar da za a koyar da su, a kuma iya kare zaɓin.

Wa zai je ma abin dubawa ne. In malamai kaɗai suka je, za a ce albashinsu suke nema, ko da ba shi ya kai su ba, ga shi da yawansu ƴan kwantaragi ne masu tsoron bakinsu. In ƙungiyar farar hula kaɗai ta je, za a tambayi wa ya biya mata kuɗin mota. Amma a ce ga shugaban masu walda, ga wakilin majalisar masu sana'ar hannu, ga uwar wata ɗaliba, ga ɗan kasuwar da ke biyan harajin kuma yake ɗauko mai gyaran injinsa daga Kano, ga wani daga cikin sarakunan sana'a na fada, wannan tawaga ba a sallamarta da ruwan sanyi. Su je da takarda shafi ɗaya, Hausa a gaba, Faransanci a baya, tunda kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa amma ofis har yanzu da Faransanci yake aiki. Abin da za a rubuta a ciki duk shugaban cibiya yana iya ƙirga shi da kansa: ɗalibai nawa, inji nawa ke tashi, nawa ke kwance, ranar da kayan aiki suka iso bara, mako nawa aka yi ana aiki da hannu, cikin waɗanda suka fita shekara biyu da suka wuce nawa ke cin abinci da sana'ar. Wannan ta ƙarshe ita ce mai ciwo, don wani lokaci amsar ba ta yi wa makarantar kanta daɗi. A rubuta ta duk da haka. Wakilin da ya kama ka da ƙarin gishiri sau ɗaya ba zai sake ɗaukar takardarka zuwa Yamai ba.

Kuma a daina gayyatar manya ranar bukin yaye ɗalibai kawai. Ranar ana aro katako, a share fili, a jera gadaje da ƙofofin da aka yi tun bara, baƙo ya koma da tunanin komai lafiya. A kira shi wata Talata a cikin Fabrairu ko Maris, ba kiɗa ba rumfa, ya zauna a benci tare da yara ya kalli zanen sanda a allo. Daga nan zuwa watan shida, lokacin da ake yanka wa ma'aikatu iyakarsu, yana da wata uku na yin waya da rubuta wasiƙa. A cikin wannan watan shidan ne kuma ɗan ƙanwata zai shiga jarrabawar aikin hannu, inda za a miƙa masa sanda a ce ya haɗa ƙarfe biyu a gaban masu duba shi. In ya ci, a Sabon Gari ya koya.